Sukari a Kwalba, Tusar Jaki a Hannu

Babu ciwon da ya kai tusar jaki daɗin kasuwa ga mai sayar da maganin banza. Ɗan tsiron nan mai kaushi da kan fito a yatsa, a gwiwa ko a tafin ƙafa ba ya kwantar da mutum, sai dai ya sa budurwa ɓoye hannu cikin mayafi, ya jawo wa ɗan makaranta tsokana. Kuma yakan tafi don kansa. Likitocin fata sun daɗe da lura cewa a jikin yara kusan 2 cikin 3 kan ɓace kafin shekara 2, ko da ba a taɓa su ba. Duk wanda ya ba ka wani abu ka sha a tsakanin nan, shi zai kwashe yabo, alhali faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Ta wannan kafa homiyofati ya shigo mana. 'Yan kwalabe masu fararen ƙwayoyi kamar tsabar gero sun baro shagunan Kano, sun bi hanyar Rano da Kibiya har sun iske mu a Madachi, wasu a mota mai lasifika, wasu ta saƙon WhatsApp. Kirarinsu ɗaya ne: maganin Jamus, ba shi da illa. Ban musa ko ɗaya ba. Asalinsa Jamus ne, kuma da wuya ya yi illa, tunda babu kome a cikinsa.

Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, shi ya kafa wannan hanya a 1796, bisa zaton cewa abin da ke jawo alamun ciwo ga mai lafiya shi ke warkar da mai ciwon, kuma wai gwargwadon tsarma magani da girgiza shi, gwargwadon ƙarfinsa. Wanda suke bayarwa don tusar jaki sunansa Thuja, daga wani itace na Arewacin Amurka, kuma sau da yawa za ka ga an rubuta 30C a jikin kwalbar. Ma'anarsa, a zuba ɗigo 1 cikin ɗigo 99, a girgiza, a ɗebi ɗigo 1 daga nan a sake zubawa cikin wasu 99, haka har sau 30. Wanda ya ɗiga ɗigo guda a madatsar ruwan Tiga, ya gauraye ta kakaf, sannan ya ɗebo kofi, bai wuce kusan mataki na 8 ba. Daga mataki na 12 lissafi ya nuna da wuya ko ƙwayar zarra ɗaya ta itacen ta rage. Wannan ruwa ake yayyafa wa ƙwayoyin sukari a sayar. Da mai tallar nono za ta tsarma nononta haka a kasuwar Rano, da ba ta kai azahar ba an kai ta gaban sarkin kasuwa.

An kuwa gwada shi, kuma a kan wannan ciwo kansa. A 1992 likitoci a Kwebek ta ƙasar Kanada suka raba mutum 174 masu tusar jaki a tafin ƙafa gida biyu, aka ba wasu homiyofati, har da Thuja, aka ba sauran ƙwayar da ba a sa mata kome ba. Masu shan homiyofati ba su fi warkewa ba. Hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta tace ɗimbin nazarce-nazarce a 2015, ba ta sami ciwo ko ɗaya da ke da ingantacciyar shaidar cewa homiyofati na warkarwa ba. Faransa, inda yake da farin jini, ta daina biyan kuɗinsa daga asusun inshorar lafiya tun farkon 2021.

Wasu kan ce mini, to, in bai yi amfani ba ai bai cutar ba. A nan na fi ja da su. Ƙwayar cuta ce da ake kira HPV ke haifar da tusar jaki, kuma takan laɓe a fatar da ke kewaye da tsiron, shi ya sa yake dawowa, shi ya sa kuma yanke shi da reza ke yaɗa shi. Idan ya dawo, mai kwalba ba ya rasa ta cewa: ka ci goro, ka shafa turare, ka karya doka, sai a sake sabon zubi. Ana cikin haka watanni na wucewa. Babban mutum da tusar jaki ta yi masa yawa, tana tafiya tana dawowa, yana iya zama garkuwar jikinsa ce ta yi rauni, gwajin jini yake bukata. Kuma ba kowane tsiro ne tusar jaki ba. Wanda ke girma, yana zubar da jini ko sauya launi, musamman a tafin ƙafar dattijo ko a fuskar zabiya, yana iya zama sankarar fata, wadda ake cin ƙarfinta idan an tare ta da wuri. Manomin da ya kamata ya je Babban Asibitin Rano, a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano in ta kama, ya ƙare damina yana tsotson sukari.

Ba faɗa nake da maganin gargajiya ba. Tsohuwar da ke ɗiga nonon tumfafiya a kan tsiro aƙalla wani abu ta ɗiga, abin da za a iya aunawa a san amfaninsa da haɗarinsa, don kuwa yana lahanta ido. Maganin asibiti ma ba sha yanzu magani yanzu ba ne. Sinadarin salisilik sai an shafa kullum, wani lokaci har mako 12, ko a daskarar da tsiron da sanyin naitirojin, kuma duk da haka yakan dawo. Likita mai gaskiya zai faɗa maka haka, mai lasifika kuwa rantsuwa zai yi maka, kuma mai neman sauƙi rantsuwar ta fi yi masa daɗin ji.

Ban nemi a kama kowa ba. Abin da nake nema daga NAFDAC da hukumar kula da cibiyoyin lafiya masu zaman kansu ta Jihar Kano shi ne a hana yi wa waɗannan kwalabe tallar warkarwa, a kuma tilasta rubuta abin da ke cikinsu a jikinsu, da boko da ajami, yadda mutumin Madachi zai karanta kafin ya kwance bakin buhun masararsa ya biya.