Ƙaramar motar alfarma mai haɗuwa da waya: me za ta tsinana a hanyar Tanut?

Duk matashin da ke leƙa TikTok ko Facebook a Damagaram, Agadas ko Yamai ya saba da irin wannan bidiyo. Ƙaramar mota ce mai sheƙi, direba ya zauna, wayarsa ta haɗu da allon motar ba tare da igiya ba, taswira ta buɗe, waƙa ta tashi, ya taka wuta. 'Yan Damargu da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya da Turai su ma suna kallo, kuma da yawansu burinsu ke nan ranar komawa gida. Kafin mutum ya zuba gumin shekara biyar ko goma a irin wannan mota, ya kamata ya auna ta da hanyar da za ta bi.

Motocin da ake magana su ne irin Mercedes-AMG A 45 S, Audi S3 da BMW M235i. Ta farkon tana da injin lita 2 mai ƙarfin doki 421, tana tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.9. Babu mai musun cewa an yi aiki a wurin. Sai dai an ƙera su ne domin titunan Jamus da makamantansu: cikinsu kusa da ƙasa, tayoyinsu sirara, da yawansu ma ba sa zuwa da tayar safiya.

Hanyar Tanut kuwa wata aba ce daban. Babbar hanya mai lamba 11, wadda ta tashi daga Damagaram ta ratsa Tanut da Aderbisanat ta nufi Agadas, hanya ce ta manyan motocin kaya, tankokin mai da garken dabbobi. Ko inda kwalta take da kyau, raƙumi ko jaki na iya faɗowa titi ba sallama. Da zarar an sauka kwalta aka nufi Gangara, Belbeji ko Tenhiya, yashi da rami ne ke mulki. Shi ya sa Hilux da Land Cruiser, waɗanda cikinsu ya ɗaga daga ƙasa fiye da santimita 20, suka zama sarakan yankin. Motar da tudun yashi ɗaya zai dafe wa ciki, dokinta 421 zai ƙare ne a jiran amalanken shanu.

Sai batun haɗuwa da waya, wanda shi ne ya fi jan hankalin matasa. A nan abubuwa biyu ne ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne Apple CarPlay, wanda ya fito a 2014, da Android Auto, wanda ya biyo baya a 2015. Waɗannan ba su da wata ƙwaƙwalwa ta kansu a cikin motar. Wayar ce ke yin aikin, allon motar yana nuna shi kawai. Idan wayar ba ta da rezo, allon ma ba shi da shi. Matafiyi tsakanin Tanut da Aderbisanat ya san akwai wuraren da layi ke ɗaukewa, ko na Airtel ne, ko Moov, ko Zamani. A irin wurin, abin da zai yi amfani shi ne taswirar da aka riga aka sauke a waya tun daga gari, kuma wannan ko a tsohuwar Starlet yana aiki.

Na biyu shi ne hidimomin da ke tafiya da layin da kamfani ya dasa a cikin motar: buɗe ƙofa daga waya, gano inda motar take, kiran agaji idan an yi haɗari. Waɗannan a ɗaure suke da ƙasar da aka sayar da motar. Tun 2018 Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin samfuran motoci na'urar eCall, wadda ke kiran lamba 112 da kanta idan aka yi karo. Wannan tsari ne da aka gina a kan cibiyoyin agajin Turai, ba ya biyo mota zuwa Damargu. Ko a Amurka, lokacin da kamfanonin waya suka rufe 3G a 2022, motoci masu yawa sun rasa irin waɗannan hidimomi. Wanda ya sayi motar hannu saboda abin da ya gani a bidiyon talla, ya yi cinikin biri a sama.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, allon da ke haɗuwa da waya yana cikin abubuwa mafi arha a jikin motar. Ana sayar da irinsa daban, mai gyaran wutar mota ya ɗaura shi a Hilux ko Corolla cikin yini ɗaya. Abin da ke cin kuɗi shi ne injin, giya da na'urorin lantarki, kuma su ne yanayin Damargu ya fi gallaza wa. Zafin watan Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Irin waɗannan injuna masu turbo suna son mai mai inganci da tsabta. Matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 a ƙaramar hukumar Ollelewa cikin gundumar Tanut, tana iya tace ganga 20,000 a rana, amma direban da mai ya yanke wa a ƙauye, kwalbar 'yan ruwa-ruwa zai saya. Idan wata na'ura ta lalace, sai an nemo mai kwamfutar da ke karanta matsalar, sannan a jira kayan gyara daga Kano ko Dubai, motar na kwance a ƙofar gida ƙura na rufe ta.

Akwai kuma batun rai. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya ɗauke ido na daƙiƙa biyu don canza waƙa ya yi tafiyar mita 55 a makance. Wani bincike da ƙungiyar IAM RoadSmart ta Birtaniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa taɓa allon CarPlay ko Android Auto yayin tuƙi yana rage saurin ankarar direba da fiye da kashi 50 cikin ɗari. A hanyar da ke da dabbobi, kuma babban asibiti yake can Damagaram, kimanin kilomita 140 daga Tanut, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne.

Masu kare ra'ayin sayen irin motar suna da hujja: kuɗin mutum nasa ne, kuma wanda ya sha wahalar ƙasar waje yana da haƙƙin jin daɗin abin da ya tara. Haka ne. Wanda zai zauna Yamai, ya yi zirga-zirga a kan kwalta, kuma yana da ƙarfin gyara, babu mai hana shi. Amma yawancin 'yan ci-ranin Damargu mota ɗaya za su iya saya, kuma ita za ta kai mara lafiya asibiti, ta ɗauko buhunan gero, ta je biki a ƙauye. Idan ta kasa waɗannan, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Mai niyyar saye ya fara tambayar tsayin cikin motar daga ƙasa, wane mai take sha, ko akwai kayan gyaranta a Damagaram, kuma wa zai gyara ta a Tanut. Allo ya zo daga baya. Su kuma kamfanonin waya da hukumar ARCEP mai sa musu ido, aikin da ke gabansu shi ne cike giɓin rezo a kan hanya mai lamba 11. Direban da motarsa ta mutu cikin dare bayan ya wuce Tanut, abin da yake buƙata shi ne layin da zai kira a kawo masa ɗauki, ko da wace irin mota yake ciki.