Zuwa ga Masu Auna Sinadaran Narkar da Furotin a Ɗakunan Gwajinmu

Daga Karfi nake rubuto muku, musamman ku ɗaliban Samaru, Dutsin-Ma da Katsina da ke zuwa gonakinmu tatsar ruwan tumfafiya da ƙaron ɗanyar gwanda. Kun zaɓi abin bincike mai kyau. Da ruwan tumfafiya ake daskarar da madara a yi cuku, gwanda kuwa kowace uwar gida ta san tana tausasa nama. Duk aikin inzayim ne mai yanka furotin.

Hanyar auna aikin inzayim ɗin da Sally Twining ta wallafa a 1984 ba ta da wuya a takarda. Ana liƙa wa kasin, furotin ɗin madara, rini mai ƙyalli na FITC, inzayim ya daddatsa shi, a zuba asid na TCA don kasin da bai yanku ba ya kwanta, sannan a auna ƙyallin ruwan sama: a haska a wajen nanomita 490, a karanta a 525.

Inda ake faɗuwa shi ne bayan asid ɗin. Wannan rini dushewa yake a cikin tsami. In ba ku tsarma ruwan saman da Tris mai pH 8.5 ba, na'ura za ta ce babu komai, alhali inzayim ya gama aikinsa. Kada ku ɗora wa tsiro laifin da yake na hannunku.

Inzayim ɗin gwanda da yawancin na tumfafiya dangin sistin ne, iska na kashe musu kaifi. Ku sa musu sistin da EDTA, ku ɗauko samfurin cikin ƙanƙara. Ƙaron da ya wuni a but ɗin mota a zafin Afrilu ba shi ne wanda kuka tatsa da safe ba. Ku naɗe kwalaban rinin da takardar aluminiyam, haske na cinye shi.

Sai kwalbar shaida. Ruwan tsiro na iya zuwa da nasa ƙyallin, don haka a kowane zama ku auna samfurin da aka tafasa, da kasin shi kaɗai. Wuta ta ɗauke, zafin da inzayim ke aiki a ciki ya sauka daga digiri 37? A sake daga farko, ko da malam na jiran sakamako gobe.