Har Yaushe Za Mu Ci Gaba da Sayen Kwali?

'Yan'uwa ɗalibai, a hutun da ya wuce na raka wani kawuna ɗan kasuwa zuwa Al Ras, a ɓangaren Deira na Dubai, inda kasuwar kayan yaji take. Ya ga ɗan ƙaramin sikelin lantarki da ake auna za'afaran da shi, nan take ya ce zai sari kwali-kwali ya kai Kano. Na ce, "Kawu, ai wannan yaranmu za su iya haɗa shi." Ya yi dariya ya ce in bar mafarki.

Dariyar nan ta dame ni, domin na san abin da ke cikin sikelin. Maikurokwantirola ce, wato cikakkiyar kwamfuta a kan ƙwaya ɗaya da ba ta fi farce ba: ga sashen lissafi, ga ma'ajiyar umarni wadda ba ta gogewa ko an ɗauke wuta, ga ma'ajiyar wucin gadi, ga ƙafafuwa da take karɓar saƙo da aika shi. Nauyi ya danna faranti, ƙarfin lantarki ya ɗan sauya, ita kuma ta mayar da sauyin lamba ta nuna a fuska. Shi ke nan sirrin!

Kuma ba sabon abu ba ne. Intel ta fito da 8051 tun 1980. ATmega328P da ke kan allon Arduino Uno kilobait 32 kawai gare ta na umarni, da 2 na aiki, amma ta isa ta kunna famfon rijiyar burtsatse ta kashe shi idan tanki ya cika.

Masu cewa sai gwamnati ta gina masana'anta tukuna, haba jama'a! Ƙera ƙwayar ne ke cin biliyoyin daloli. Rubuta mata umarni kuwa, tsohuwar kwamfuta da waya ɗaya sun wadatar. Ni kaina na gama digirin farko ina zana cikinta a takardar jarrabawa, har da maki mai kyau, alhali ban taɓa riƙe ta a hannu ba sai da na fito waje. Laifin malamai? Wataƙila. Amma mu da muka samu damar fitowa, me muke komawa da shi ban da turare da wayar salula?

Shawarata ga shugabannin ƙungiya: a rage kuɗin walimar bana, a sayi allunan Arduino, duk mai tafiya gida ya ɗauki biyar ya zauna da masu gyaran rediyon unguwarsu na mako guda. Nawa biyar ɗin suna cikin jaka.