TASHAR JIRGI: A INA, KUMA DON WA?

Ya ku 'yan'uwa na rassa, daga Dogo-Dogo har Dungas da Magariya, ku saurara. Tun 2021 aka soma aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Garinmu dai sunansa Dogo-Dogo, amma ko taki ɗaya na dogo ba zai ratsa mu ba. To, kafin a rangaɗa guɗa, mu duba abin da ya faru a Abuja.

A watan Yuli na 2018 aka buɗe ƙaramin jirgin cikin garin Abuja, da bashin dala miliyan 500 daga ƙasar Sin. Tasha 12 aka gina, uku kaɗai suka fara aiki: ta tsakiyar gari, da Idu, da filin jirgin sama. Wane ne ke zuwa filin jirgin sama? Ba ɗan dako ba, ba mai gadi ba. Waɗannan a Nyanya da Karu da Mararraba suke kwana, dogo kuwa bai bi ta can ba. Tashoshin unguwa irin su Kukwaba da Kagini an gina su ba hanyar kirki da za ta kai mutum bakinsu. Da korona ta zo a 2020 jirgi ya tsaya shekara huɗu, ɓarayi suka yi ta kwasar wayoyi. Sai a watan Mayu na 2024 aka sake buɗewa, bayan an koma an yi hanyoyin. Bashi kuwa bai tsaya ba ko kwana guda.

Mu ma a Nijar mun gani. A 2014 aka yi bikin tashar Yamai, a 2016 dogon Bolloré ya kai Dosso, amma talaka bai shiga da kayansa ba.

Da jirgi ya iso Kano a 1911, kakanninmu suka riƙa kai masa gyaɗa bisa jaki da raƙumi, domin don gyaɗa Bature ya damu, ba don mai nomanta ba. Kada a maimaita mana.

Tashar Daura ita ce kusa da mu. Kowane reshe ya zauna ranar kasuwa, ya rubuta wa magajin gari da ɗan majalisarsa: wace hanya za ta kai riɗinmu da wakenmu bakin tasha da damina? Ina wurin loda dabbobi? Nawa ne kuɗin buhu? A karanta amsar a taro na gaba.