Ƙofar Mota Ba Ƙofar Ɗaki Ba Ce

Duk wanda ya saba hawa motar haya tsakanin Birnin Kudu da Gwaram ya san wannan jumla: "Malam, ɗan ɗaga ta sama, sannan ka ja da ƙarfi." Direba ne ke koya wa fasinja yadda ake rufe ƙofar motarsa. Wata ƙofar sai an tura ta da ƙugu, wata ba ta buɗuwa sai daga waje, wata kuma igiya ce ke riƙe da ita. Mukan yi dariya mu shiga, mu ce Allah ya kiyaye hanya. Ni kuwa ina ganin wannan ba abin dariya ba ne, domin ƙofar da ta sauka daga mazauninta alama ce ta cewa hinjinta ya gaji, kuma a kan wannan ɗan ƙarfe ran fasinja yake rataye.

Aikin ƙofar mota biyu ne, kuma kamar suna karo da juna. Dole ta zauna a rufe a lokacin da mota ta yi karo ko ta ƙwace tana wuntsilawa, sannan dole ta buɗu bayan mota ta tsaya, don mutane su fita ko a fitar da su. Abubuwa biyu ne ke riƙe da ita: hinji a gefe ɗaya, makulli a ɗaya gefen. Idan ɗayansu ya saki, fasinja na iya faɗowa kan kwalta, wani lokaci ma motar ta danne shi.

Masu ƙera motoci sun daɗe da gane haka. A shekarun 1950, binciken haɗurra da aka yi a Jami'ar Cornell ta Amurka ya nuna cewa wanda mota ta cillo waje ya fi wanda ya zauna a ciki kusantar mutuwa. Daga 1968 Amurka ta fara aiki da dokar ingancin makulli da hinji, wadda ake kira FMVSS 206. Ta tanadi cewa hinjin ƙofa ya jure jan da ya kai kusan nauyin kilo 1,100 ta tsawon mota, da kusan kilo 900 ta gefe, ba tare da ya rabu ba. Wato kamar a rataya masa buhun siminti 22. A 2004 kuma, da aka zo kafa ƙa'idojin bai-ɗaya na ƙera motoci a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, da makulli da hinjin ƙofa aka fara.

Saboda haka Golf da Sharon da Hiace ɗin da ke tashoshinmu da ƙofofi masu ƙarfi aka ƙera su. Shekaru da hannayenmu ne suka raunana su. Ƙusar da hinji ke juyawa a kanta takan cinye, sai ƙofa ta sunkuya. Maimakon a sayi sabuwa, sai a cusa guntun rodi, ko a kai wa mai walda ya liƙa, alhali zafin walda yakan sauya ƙarfin ƙarfe, kuma babu mai gwada abin da aka liƙa ɗin.

Ga inda haɗarin yake ɓoye. Makullin ƙofar mota hawa biyu gare shi. Na farko riƙon wucin gadi ne, ƙarfinsa bai kai na biyu ba. Idan ƙofa ta sunkuya, bakin makulli ba ya daidaita da ƙarfen da yake kamawa, sai ya tsaya a hawan farko. Haka ma idan aka cusa mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, kafaɗar na gefe takan hana ƙofa kaiwa ƙarshe. Fasinja ya ji "ƙas", ya ɗauka ta rufu, alhali rabin rufuwa ta yi.

Na san abin da direba zai ce: tun da aka cire tallafin mai a 2023, abin da ake samu da ƙyar yake isar cefane, balle gyaran ƙofa. Gaskiya ne. Amma ƙusar hinji ba inji ba ce, ba giya ba ce. Tana cikin mafi arahar kayan gyaran mota, kuma kuɗinta bai kama ƙafar jinyar karaya ɗaya a asibitin tarayya na Birnin Kudu ba.

Ba jami'an kiyaye haɗurra da ke tsaye a bakin hanya nake jira su gyara wannan ba, domin su mota a rufe take iske su. Tasha ce wurin gyara. Shugabannin ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho sun san kowace mota da aibinta. Su kafa sharaɗi guda: kafin mota ta shiga layin lodi, a buɗe kowace ƙofa daga ciki da waje, a rufe ta ba tare da ɗagawa ba. Wadda ta kasa, ta je gareji. Minti ɗaya ya isa.

Mu ma fasinjoji da namu. Idan ka rufe ƙofa, tura ta da kafaɗa. In ta yi motsi, sake rufewa. In babu hannun buɗewa daga ciki, kada ka zaunar da yaro ko tsoho a wurin. In kuwa aka miƙo maka igiya, ka sauka ka jira ta gaba. Addu'ar tafiya tana nan, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.