Sun Sabunta Tsohuwarsu, Mun Bar wa Gara Tamu

A wani biki da aka yi a Madawa, wani saurayi da ya dawo daga cin rani ya fito da gitar lantarki ya kaɗa. Dattawan ƙungiyarmu ta al'adu suka yi ta tsaki, suna cewa ga abin da ke kashe mana gargajiya. Ni ban bi su ba, domin ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda saurayin yake tutiya cewa gitar tasa “ta 1962 ce”, alhali ba ta shekara biyar da fitowa daga masana'anta ba. Kuma ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya.

Ga yadda abin yake. A 1954 kamfanin Fender na Amurka ya fitar da gitar da ake kira Stratocaster. A 1965 kamfanin CBS ya saye Fender, makaɗa suka soma ƙorafin cewa aikin ya lalace, suka koma farautar tsofaffin, har kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Da kamfanin ya ga haka, a 1982 sai ya auna tsofaffin gitocin, ya sake ƙera na 1957 da na 1962 bisa siffarsu ta asali: kaurin wuya, irin fenti, da naɗin wayar da ke ɗaukar amon tsirkiya. A 1995 ma ya soma sayar da sabuwar gita wadda aka kankare wa fenti da gangan, don ta yi kama da wadda ta sha hannu. Wato tsufa kansa ya zama haja.

Ga matasa, maganata gajeruwa ce. Wanda ya zuba kuɗin albasar shekara guda a kan irin wannan gita don a ce ya mallaki tarihi, ya sani tarihin wasu ya saya, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Daɗin kiɗa a yatsu yake. Mdou Moctar ɗan jaharmu ta Tawa ne, daga yankin Cintabaradan da Abalak. Gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta, kuma a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008. Stratocaster ta zo hannunsa daga baya, ta tarar da salon ya riga ya nuna. Da ya fitar da Afrique Victime a 2021, ba wanda ya tambayi shekarar gitarsa.

Amma babban laifin namu ne, mu malamai da shugabannin ƙungiyoyi. Mun iya zagin gita, to me muka yi wa gurmi da goge da garaya? Waɗanda muke zargi da rashin al'ada sun ɗauki kayan kiɗan da bai kai shekara talatin ba, sun auna shi, sun rubuta, sun sake ƙera shi. Mu kuwa da muke alfahari da gadon kaka da kakanni, wa a cikinmu ya taɓa zama gaban mai haɗa goge a Buza ko Keita, ya rubuta girman ƙwarya, da fatar da ake rufa mata, da yadda ake zaɓen izgar doki a ɗaura? Sai ranar da baƙo zai zo muke aika a nemo tsohon makaɗi, a sa masa babbar riga, a sallame shi da abin goro. Ɗansa yana kallo, shi ya sa ya tafi Abijan ko Libiya, ya bar kiɗan. Gasar kiɗan zamani ta ƙasa ma sunan Ɗan Gurmu ta ɗauka, mawaƙin gargajiya na Tawa. Mun riƙe sunan, mun saki sana'ar.

Kada a ce ba ta yiwuwa. Biram, kayan kiɗa mai tsirkiya biyar na Buduma a Tafkin Cadi, ya kusa ɓacewa. A 2002 Malam Mamman Barka, wanda malamin makaranta ne tun farko, ya je ya durƙusa gaban Bukar Tar, gwanin ƙarshe da ya rage, ya koya, ya kai biram duniya kafin rasuwarsa a 2018. Malami ɗaya ya yi wannan.

Saboda haka, kowace ƙungiya a Madawa da Buza da Keita ta nemo masu haɗa kayan kiɗa da suka rage a yankinta. A auna aikinsu, a ɗauki hoto da murya, a biya su ladan koyarwa, a ba su almajirai. A sa gurmi a makaranta, yaro ya taɓa shi da hannunsa. A bar saurayin nan da gitarsa, a zaunar da shi kusa da mai goge, su saurari juna.

Mun daɗe muna faɗin cewa da tsohuwar zuma ake magani. Wasu sun gwada, sun ga riba. Tamu zumar tana cikin rumbu, kuma mai rumbun ya tsufa.