Ciwon son zama babban Alhaji da dare ɗaya

Duk wanda ya daɗe a kasuwannin bakin iyaka, tun daga Ɗan Isa da Jibiya har Birnin Ƙonni da Illela, ya san ciwon da ke kama ɗan kasuwa da zarar harka ta fara buɗe masa. Mai tireda yana son shago, mai shago yana son mangaza, mai mangaza kuwa ba ya barci sai ya ga tirela ta taso daga Kwatano da kayansa shi kaɗai. Ba mu ce neman arziki laifi ne ba, mu ma shi ya fito da mu daga gida. Abin da ke damun mu shi ne yadda ake hawan wannan tsani da kuɗin mutane, a kan hanya ɗaya tak, alhali makullin hanyar ba a hannunmu yake ba.

Manyanmu sun gani da idonsu. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, ta kuma canza launin takardun naira, masu naira a buhu a wannan gefen suka wayi gari da takardun banza, kuma ba a buɗe ba sai 1986. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Mu kuma namu ya zo a Agustan 2019, lokacin da Nijeriya ta sake rufe iyaka saboda shinkafar waje. Shinkafa ta yi ta jibge a mangazun Maraɗi, banki kuwa bai san an rufe iyaka ba, ruwan bashinsa sai hawa yake yi. Ko da aka buɗe Illela da Maigatari a Disamban 2020, haramcin shinkafar bai tashi ba. Kafin a gama farfaɗowa sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, manyan motoci suka yi dogon layi a Malanbil, kaya na lalacewa a cikin rana.

To, idan babban ɗan kasuwa ya faɗi, ba shi kaɗai yake faɗuwa ba, nan ne abin ya fi ciwo. Kasuwarmu a kan amana take tafiya: a ba ka kayan miliyoyi da baki kawai, ba takarda, ba shaida. Wanda ya yi gaggawar girma ya karɓi kuɗin ɗan canji, ya karɓi na adashen 'yan layinsu, ya karɓi gadon marayun ɗan'uwansa da sunan zai juya masu. Kowa yana ganin shi kaɗai ke bin sa bashi. Ranar da asiri ya tonu, sai a iske mutum goma sun dogara da buhunan da mutum ɗaya ma ba za su ishe shi ba. Mun sha zaman sulhu irin wannan, mun ga dattijo mai furfura yana kuka a gaban yaran shagonsa.

Daga nan sai neman rufin asiri ya tura mutum hanyar daji. Shi yana kwance a gida, yaran mutane ne ke bin dare a kan babur da buhuna ko jarkokin mai, ta dazuzzukan da ke tsakanin Madarunfa da Katsina, inda masu satar mutane don kuɗin fansa suka sha tare hanya. Wani ma ba bashin ne ke jefa shi ba, nuna isa ne: sabuwar mota, bene, rabon kuɗi a gidan biki, har ɓarayi su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. A gida kuwa an cire yaro daga makaranta don ya tsare shago na uku.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu na kasuwa su sa a riƙa rubuta duk bashin da ya yi nauyi, a gaban shaidu biyu, a ajiye kwafi wurin sarkin kasuwa. Wanda kuma ya zo neman jari don ƙara tirela, kafin a miƙa masa a tambaye shi su wa da wa ke bin sa, kuma da me zai biya idan aka rufe iyaka wata shida daga gobe.